YIN SABULU A GIDA: AWO DA HAƘURI

Sa'ad da aka gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, yawancinmu mukan sami sararin da ba mu da shi da damina. Waɗansu su kama saƙar zana, waɗansu tufkar igiya, mata kuma su shiga ƙuli-ƙuli da man kaɗanya. To, ga wani aikin hannu da ya cancanci a ƙara a kan waɗannan, watau yin sabulu. Aiki ne mai daɗi, ba ya bukatar ƙarfi, kuma yawancin kayansa suna nan kusa da mu.

Sabulu ba kayan ado ba ne. Kowa ya sani idan kuɗi ya yi ƙaranci a gida, sabulu yana cikin abubuwan da a ke fara dainawa. Daga nan yara su fito daga bayan gida su sa hannu a akushi, ruwa kaɗai ya taɓa hannun. Ta wannan hanya gudawa da kwalara da tsutsar ciki su ke bi daga wannan zuwa wancan. Ciwon idon nan amodari shi ma yana son fuskar da ba a wanke ba. Saboda muhimmancin abin ne, tun shekarar 2008 aka keɓe ranar 15 ga Oktoba ta kowace shekara domin a tuna wa duniya wanke hannu da sabulu. Gidan da ya iya yin nasa ba zai jira ranar kasuwa ba.

Amma tilas in faɗi gaskiya tun daga fari. Sabulun gida yana iya zama alheri, yana kuma iya jawo kuka. Bambancin yana wurin abu biyu ne, awo da haƙuri. Ranar da na fara gwadawa, da gwangwanin madara na auna soda, har na ƙara kaɗan wai don sabulun ya yi ƙarfi. Ya fito fari tas, mai tauri, na yi ta murna. Bayan kwana uku na ba uwargida ta yi wanki da shi. Kafin ta gama, yatsunta sun yi ja sun tsattsage, zanen kuma ya koɗe. Ba laifin soda ba ne, laifina ne. Domin kada ku faɗa ramin da na faɗa na ke rubuta wannan bayani.

MENE NE SABULU?

Sabulu ɗan iyaye biyu ne. Ɗaya mai ne ko kitse. Ɗayan kuwa ruwa ne mai kaifi, irin ruwan toka ko ruwan soda. Mai shi kaɗai ɓata tufa ya ke yi. Soda ita kaɗai cin fata ta ke yi. Amma idan suka gamu daidai wa daida, sai kowane ya kashe halin ɗan'uwansa, su zama sabon abu wanda ba mai ba ne, ba kuma soda ba. Tare da shi a kan sami wani abu mai laushi da a ke kira gilisarin, wanda ya ke hana fata bushewa. Manyan masana'antu sukan cire shi su sayar dabam, amma a sabulun gida yana nan ciki.

Mutane sun fi shekara 4,000 suna dafa toka da mai, tun zamanin mutanen dā na ƙasar Iraƙi. Sai a shekarar 1823 wani Bafaranshe mai suna Chevreul ya buga littafin da ya bayyana abin da ke faruwa a cikin tukunyar. Abin da ya kamata mu riƙe daga iliminsa shi ne wannan: kowane irin mai yana da iyakar sodar da zai iya cinyewa. Idan soda ta wuce, ragowarta za ta zauna cikin sabulun tana jiran fatar mutum. Idan mai ya wuce ƙwarai, sabulun zai yi taɓo, ba kumfa, daga baya ya yi wari.

Yaya sabulu ya ke wanke dauɗa? Dauɗa takan manne wa jiki da maiƙo ne, ruwa kuwa ba ya shiri da maiƙo. Ƙwayar sabulu, wadda ido ba ya gani, tana da kai biyu. Ɗaya yana kama maiƙo, ɗaya yana kama ruwa. Idan an cuɗa, sai ƙwayoyin su kewaye dauɗar su ɓamɓare ta, ruwan ɗauraya ya tafi da ita tare da ƙwayoyin cuta. Shi ya sa a ke cewa a cuɗa hannu kamar daƙiƙa 20 kafin a ɗauraye.

TOKA, KANWA DA SODA

Iyayenmu sun san ruwan toka. A kan ƙona karan dawa ko na gero, a zuba tokar a tukunya mai huji, a tsiyaye ruwan. A kudu da ɓawon koko da ɓawon ayaba su ke ƙonawa, su dafa ruwan da mai. Daga nan baƙin sabulun nan da mu ke kira sabulun salo ya ke fitowa. Sabulu ne mai kyau, amma na toka kullum mai laushi ne, ba ya yankuwa sanda-sanda. Ƙarfin ruwan toka kuma yau dabam gobe dabam, sai gwanar da ta daɗe tana yi ta ke gane shi da ido.

Wanda ya ke son sabulu mai tauri sai ya nemi soda mai ƙuna, wadda 'yan kasuwa ke kira kostik soda. Fara ce, wata kamar ɓarzajjen gishiri, wata kamar ƙananan duwatsun ado. A lura, ba ita ce sodar da a ke sa wa burodi ko cincin ba. Kanwa kuma ba za ta maye gurbinta ba, gama kaifin kanwa bai kai ba. Soda tana shan laimar iska. Idan an bar ta a buɗe sai ta jiƙe ta dunƙule, ƙarfinta ya ragu. A sayi busasshiya, a ajiye ta cikin roba mai murfi.

KOWANE MAI DA NASA AWON

Ga kimanin sodar da kilo 1 na kowane mai ya ke cinyewa:

Man kaɗanya: giram 128
Man gyaɗa: giram 136
Manja: giram 141
Kitsen shanu: giram 141
Man alayyadi: giram 175

Kun ga alayyadi ya fi kaɗanya ci nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda ya ɗauki awon alayyadi ya yi aiki da kaɗanya, sabulunsa zai ƙone mutane. Kada a sāke mai ba tare da an sāke lissafi ba.

Halinsu kuma ba ɗaya ba ne. Kitse da manja suna ba da tauri, sabulu ya daɗe bai ƙare ba. Alayyadi shi ne mai kumfa, amma idan ya yi yawa yakan busar da fata. Kaɗanya tana da daɗi a jiki, sai dai kumfarta kaɗan ce. Man gyaɗa shi kaɗai yakan ba da sabulu mai laushi wanda ba ya jimrewa, ga shi kuma abinci ne mai tsada. Gauraya ta fi.

Ga haɗin da na ke ba mai koyo:

Kitsen shanu ko manja: giram 500
Man kaɗanya: giram 300
Man alayyadi: giram 200
Soda: giram 135
Ruwa mai tsabta: giram 330, watau sulusin lita

Wanda ya yi lissafi zai ga cewa wannan mai zai iya cinye soda wajen giram 144. Da gangan muka rage ta zuwa 135, domin ɗan mai ya ragu cikin sabulun. Gara mai ya ɗan fi da soda ta ɗan fi.

Da nauyi a ke awo, ba da cikar gwangwani ba. Lita 1 ta mai ba ta kai kilo 1 ba, wajen giram 910 zuwa 920 ce. Soda mai gari da mai ɓarzo kuma ba su cika gwangwani da nauyi ɗaya. Ƙaramin sikeli mai nuna giram shi ne babban jarin wannan aiki. Idan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, zumuntar mata ko ƙungiyar manoma su haɗa kuɗi su saya, a riƙa ara.

KAYAN AIKI

Bokitin roba mai kauri guda 2, muciya sabuwa, tukunyar narkar da mai, tsumman tacewa, akwatin katako ko kwali mai ƙarfi, leda ta shimfiɗawa, safar hannu ta roba, da tabarau mai rufe ido. Waɗannan kaya na sabulu ne kaɗai, kada su koma madafa.

Kada soda ta taɓa tukunyar alminiyam ko bokitin kwano. Tana cin su, tana kuma tayar da iska mai kama wuta. Ruwan sama ya fi kyau ga wannan aiki. Ruwan rijiya mai zartsi yana rage kumfa.

Idan kitse za a yi amfani da shi, a yayyanka shi ƙanana, a dafa da ruwa da ɗan gishiri a wuta marar ƙarfi har ya narke. A tace, a bar shi ya kwana. Da safe za a ga farin kitse ya daskare a sama. A ɗauke shi, a kankare dattin da ke ƙasansa, a bar shi ya tsane sarai kafin a auna. Manja kuwa, idan an yi da shi ja yadda ya ke, kumfarsa takan bar launi a farar tufa. Masu yi sukan ɗora shi a wuta har jan ya kau. A yi wannan a fili, a tsaya a kansa, gama yana hayaƙi, yana kuma iya kamawa da wuta.

GARGAƊI KAFIN A FARA

A nan ne na fi so ku kasa kunne. Soda busasshiya tana kama da gishiri ko sukari. Idan ta narke, ba ta da launi ba ta da wari, sai ka rantse ruwan sha ne. A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma likitoci suna karɓar yara ƙanana da suka sha ruwan soda a gidajen masu yin sabulu. Kurɓi ɗaya ya isa ya ƙone maƙoshi. Ko yaro ya tsira, bayan 'yan makonni hanyar abinci takan tsuke, har ruwa ya gagara wucewa, a yi ta jinya shekara da shekaru. Babu ribar sabulun da za ta biya wannan.

Saboda haka:

1. Kada a taɓa zuba ruwan soda a kofi, ko moɗa, ko kwalbar lemo, ko jarkar ruwan sha.
2. Kada a jiƙa soda a bar ta ta kwana inda yaro zai kai. A jiƙa wadda za a yi aiki da ita a ranar kaɗai. Idan tana hucewa, babba ya zauna kusa.
3. Ranar aiki yara su tafi gidan maƙwabta. Kada a yi aikin da goyo a baya. A kori kaji da awaki.
4. Ragowar soda a rufe, a rubuta HAƊARI a jiki, a kulle.

Idan ta zuba a fata, a cire tufar da ta jiƙe, a yi ta kwarara ruwa minti 20. Idan ta shiga ido, a buɗe idon a yi ta zuba ruwa mai tsabta wajen rabin sa'a, sa'an nan a tafi asibiti. Idan wani ya sha, kada a sa shi amai, gama za ta sāke ƙone shi wajen fitowa. Kada a ɗura masa manja ko lemon tsami ko wani jiƙo. A kai shi asibiti nan da nan, ko da bakinsa bai nuna ƙuna ba, a kuma faɗa wa likita ainihin abin da ya sha.

YADDA A KE YI

1. A zaɓi wuri mai iska, a inuwa. A sa safar hannu da tabarau da riga mai dogon hannu. A ajiye bokitin ruwa cike a kusa saboda tsautsayi.

2. A auna ruwa a zuba a bokitin roba. A auna soda a busasshen mazubi.

3. A zuba soda cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana motsawa. Soda ce ke zuwa wurin ruwa, ruwa ba ya zuwa wurin soda. Idan aka juya wannan, tana iya tafasa ta fantsamo a fuska. Ruwan zai yi zafi ƙwarai shi da kansa, tururi ya tashi. A kau da kai, kada a shaƙa. A motsa har ta narke duka, a bar ta ta huce.

4. A narkar da kitse da kaɗanya da alayyadi a wuta kaɗan. A tace cikin bokiti na biyu.

5. A jira har dukansu biyu su zama ɗumi-ɗumi, kamar ruwan wankan jariri. Da taɓa bayan bokiti a ke ganewa, ba da tsoma yatsa ba.

6. A tsiyaya ruwan soda cikin mai a hankali, siriri, ana motsawa da muciya.

7. A ci gaba da motsawa ba gaggawa, ba kuma dogon hutu. Da fari zai zama kamar ruwan koko. Sannu a hankali ya yi kauri kamar kunu. Alamar ya yi ita ce, idan aka ɗaga muciya aka ɗiga a sama, ɗigon zai bar sawu na ɗan lokaci kafin ya nutse. Wannan yakan ci rabin sa'a, wani lokaci ya wuce sa'a guda. Mutum biyu su riƙa karɓar juna. Wanda ya gaji ya zuba tun bai yi kauri ba, gobe zai tarar mai a sama, ruwan soda a ƙasa.

8. Mai son ƙanshi, yanzu ne zai zuba ɗan turaren sabulu ya motsa. Mai koyo dai gara ya fara da fari tukuna.

9. A juye cikin akwatin da aka shimfiɗa wa leda. A bubbuga shi a ƙasa iska ta fita. A rufe da kwali, a lulluɓa tsohon bargo, musamman lokacin hunturu. Zai yi ɗumi da kansa, alama ce aikin yana tafiya.

10. Bayan kwana 1 ko 2 a fitar, da safar hannu, a yanka da wuƙa ko siririyar waya. Wannan haɗi yakan ba da sanda 12 ko 13 masu nauyin giram 100.

11. A jera su a kan katako a inuwa, inda iska ke ratsawa, da tazara tsakaninsu. A riƙa juya su kowane mako. A bar su mako 4 zuwa 6.

Wannan jira shi ne ya fi yi wa mutane wuya. Sabulu yana nan a gabanka, ga wanki ya taru. Amma cikin waɗannan makonni ne ya ke ƙarasa nuna, ruwa ya fita, ya yi tauri, ya yi sanyi a fata. Ɗanyen sabulu narkewa ya ke yi kamar gishiri, kwana kaɗan ya ƙare. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, in ji Hausawa, balle sabulu.

IDAN YA ƁACI

Idan ya fito da gautsi yana marmashewa, yana kuma yi wa hannu zafi bayan ya cika makonninsa, soda ta yi yawa. Kada a yi wanka da shi. A goge shi ƙanana, a narkar da ɗan ruwa da ƙarin mai a wuta kaɗan cikin tukunyar da ba ta alminiyam ba, a sāke zubawa, a bar shi na wankin tsummoki.

Idan an yanka an ga ramuka masu ruwa a ciki, wannan ruwan soda ne, ba a motsa sosai ba. A kiyayi taɓa shi da hannu.

Idan ya yi mako bai yi tauri ba, yana naso, ko dai soda ta kasa, ko ta sha iska tun a kasuwa, ko ruwa ya yi yawa.

Idan farin gari ne kawai a sama kamar ƙurar hunturu, ba kome. A kankare ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Idan ɗigo-ɗigo masu launin ruwan goro suka fito, da wari, man da aka yi da shi tsoho ne. Mai da ya lalace ba ya gyaruwa don ya shiga sabulu.

A RIƘE LITTAFI

Kowane karo a rubuta kwanan wata, da irin mai, da awon kowane abu, da kuɗin da aka kashe, da yadda sabulun ya fito. A raba kuɗin da yawan sandunan, a gwada da na kasuwa. Wanda ke da kaɗanya a gona ko ya ke samun kitse da araha wurin mahauta zai ga sauƙi. Wanda zai sayi kome da kome, wataƙila ribarsa kaɗan ce, sai dai ya san abin da ke cikin sabulunsa. Littafin ne zai faɗa maka gaskiya. Shi ne kuma zai sa idan ka dace sau ɗaya, ka iya maimaitawa.

Idan hannu ya faɗa, ana iya gwada sabon abu. Misali, a cire giram 100 na kitse a sa giram 100 na man darbejiya, awon soda yana nan yadda ya ke. Amma a sāke abu ɗaya kawai a kowane karo, domin a san abin da ya kawo bambanci. Kada a zuba magungunan sa fata ta yi fari, suna da lahani. Kada kuma a ce wa mutane sabulun yana warkar da cuta. Aikinsa tsabta ne, wannan ma ya isa. Wanda ya kai ga sa wa nasa suna da takarda yana kai wa kantuna a Nijeriya, sai ya nemi rajista wurin hukumar NAFDAC.

Shawarata ita ce ku fara da kilo 1 tak, ku biyu ko uku, tare da wanda ya taɓa yi idan akwai shi kusa. Idan kun zuba a farkon Janairu, kafin tsakiyar Fabrairu ya nuna. Sandar farko kada ta shiga akwati. A sa ta a ƙofar bayan gida, kusa da buta, inda hannun kowane yaro zai kai.